Sunan Ɗan Fari a Rajistar Faskari

Faskari,
Litinin, 11 ga Oktoba, 2021.

"Yaya Sa'a, ki bar ɗakin haihuwa ki zo mu yi aikin binciken nan tare. Duk ranar da wata magana ta taso a kan aikinki, da ƙafata zan zo Faskari in ji ta bakinki kafin alƙalamina ya taɓa takarda."

Mas'udu, ka gane maganar? Taka ce. Ka faɗe ta a zauren Baba Yahya ranar sunan 'yarka, shekara uku ke nan, kana riƙe da cinyar kaza. Da gangan na sa ta a gaban sallama, Allah ya yafe mini.

To, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, da mahaifiyarka Gwaggo Hajaratu da ciwon ƙafarta. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ba ta son tsayuwa. Maigidan yana ta fama da girbin masara. Tun da aka rufe layukan waya saboda matsalar tsaro ba ni da hanyar samunka sai ta hannun Malam Ɗanliti, direban da ke ɗaukar akwatin sanyi na kwalaben jini, don haka ka karanta da kyau, ba zan iya maimaitawa gobe ba.

Ranar Alhamis aka kawo mini rahoton mai duba aiki, Malam Bilya, wanda Farfesa, shugaban binciken, ya turo daga birni a watan jiya. Ka san yara ɗari da arba'in ne masu sikila a hannuna, daga Faskari, Mairuwa da Yankara. Duk wata ina auna su, in ɗebi jininsu, in ba su maganin da ake gwadawa gwargwadon nauyinsu. Bilya ya ce zai tabbatar yaran da ke cikin rajista su ne yaran da ke kan benci. Wannan haƙƙinsa ne. Ya ce in fita, na fita. Ya riƙa kiran uwaye ɗaya-ɗaya yana tambayar kowace: "Yaya sunan yaronki?"

Goma sha tara ba su faɗa ba. Wata ta ce masa "mai sunan Malam". Wata ta ce "ai ga shi nan kana gani". Larai ta Mairuwa ta ja hijabi ta rufe fuska tana dariya. Shi kuwa ya rubuta, da Turancinsa mai kyau, cewa uwaye goma sha tara ba su san sunayen 'ya'yansu ba, saboda haka akwai shakka ko yaran nasu ne, ko kuwa ma'aikaciyar jinya ce ta aro su don ta cika lamba.

Mas'udu, yaran nan goma sha tara duk 'ya'yan fari ne. Wace mace ce a ƙasar nan za ta buɗe baki ta kira sunan ɗanta na fari, a gaban baƙon namiji kuma? Surukar Larai, da ta ji abin da ya faru, sai da ta biyo ni har ɗakin magani. "Malama, wanga yaro ɗan ina ne? Mi ya sa bai tambaye ni ba, ga ni zaune a ƙofa ina ɓarar gyaɗa?" Na ce mata Bahaushe ne, a Abuja ya tashi. Ta ce, "Allah sarki. Shi uwarsa sunansa take kira kamar mai kiran akuya?"

Bilya bai ba ni haushi sosai ba. Bai sani ba, kuma bai tambaya ba. Abin da ya hana ni cin abinci kwana biyu yana shafi na ƙarshe: sa hannun likitan da ke kula da cibiyoyin Kankara, Faskari da Sabuwa. Na san wannan sa hannun tun kana gwada shi a bayan littafin lissafi.

Yanzu an hana ni ɗaukar sababbin yara, kuma rahoton zai je gaban kwamitin ɗa'a na bincike ranar 25 ga Nuwamba. Ka san abin da ake kiran nas ɗin da aka samu da ƙirƙirar marasa lafiya. Ba za a sake ba ni ko sikeli in riƙe ba.

Ina jiran ka zo, ko ka gaya mini dalili.

Yayarka,
Halimatu Sa'adiya Barau

*

Kankara,
Laraba, 20 ga Oktoba, 2021.

Yaya Sa'a,

Wa alaikumus salam. Barka da shan Maulidi. Duk muna lafiya. Inna ta ji sauƙin ƙafar, ta ce a gaishe ki da maigidan, kuma wai tun sallah kika yi mata alkawarin daddawar Yankara. Ki riƙa sa wa gwiwar nan ruwan ɗumi.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma zancen cinyar kaza ya sa na yi dariya har aka leƙo ofis. Innata da babanki ciki ɗaya suka fito, na san ba zan taɓa kuɓuta daga bakin taubashiyata ba. Amma wannan karon kin ɗan ƙara barkono.

Ki kwantar da hankalinki. Sa hannun nan ba wani abu ba ne, shaidar cewa rahoton ya biyo ta teburina ne kawai. Babu wanda ya san ki da zai yarda kin ƙirƙiri yaro. Zuwa Faskari kuwa, kin san an rufe hanyar Sheme, sai mutum ya zagaya ta Malumfashi da Funtuwa, yini guda ke nan, ga ni ni kaɗai a kan cibiyoyi uku.

Abin da ya ɗan ɓata lamarin shi ne Bilya ya je Sabuwa ya yi tambaya iri ɗaya, kuma a can komai ya yi daidai. Kowace uwa ta faɗi sunan da ke cikin rajistar Adama, nas ɗin da ke can. Farfesa ya ɗora takardun biyu gefe da gefe, shi ya sa ya ɗaga murya.

Ga shawarata. Zan roƙi Bilya ya sake komawa. Kafin ya zo, ki tara matan nan goma sha tara ki lallashe su. Sau ɗaya ne fa, ko da raɗa ne su faɗi sunan, a wuce wurin. Suna jin maganarki fiye da ta kowa.

Af, kafin in manta. Kwas ɗin nan na wata shida na masu tafiyar da bincike, wanda muka yi maganar za ki je: dole a miƙa suna kafin ƙarshen Nuwamba, kuma ba a karɓar sunan wanda ke da magana a gaban kwamiti. Na sa sunan Adama na wucin gadi. Ai ɗalibarki ce, kamar ke ce kika je.

Ki gaishe da yara.

Ƙanenki,
Dakta Mas'udu

*

Faskari,
Litinin, 1 ga Nuwamba, 2021.

Likita,

Sallama da gaisuwa. Na yi murna da jin sauƙin Gwaggo. Daddawarta tana cikin ledar da ke tare da wasiƙar nan, kada ka buɗe. Gwiwa tana nan yadda take. Wasiƙarka ta kwana tara a hanya saboda motar Malam Ɗanliti ta lalace a Funtuwa. Kwana tara ina leƙen titi kamar mai jiran haihuwa, ashe abin da nake jira ke nan.

Ka yi dariya. To ka ajiye taubasantaka a gefe, ba da ita na rubuto ba.

Na farko, sa hannu. Fom ɗin yana gabana. Akwai gida biyu a ƙasansa: ɗaya na "na gani", ɗaya na "na yarda da abin da aka gano". A na biyu ka yi alama. Ko ka karanta ka yarda, ko ba ka karanta ba ka yarda. Ka zaɓi wanda ya fi maka sauƙin ɗauka.

Na biyu, shawararka. Ka ce in tara masu shiga bincike in koya musu amsar da za su ba mai duba aiki. Kai ka ba ni littafin ƙa'idojin nan mai shuɗin bango, na kuwa karanta shi har bangon ya cire. Abin da ka ce in yi shi ne ainihin laifin da ake zargina da shi, sai dai wannan karon da gaske. Kuma ko ba laifi ba ne, ba zan yi ba. Matan nan sun ba ni hannun 'ya'yansu ina huda shi da allura duk wata, don na yi musu alkawarin ba za a tozarta su ba. Ni kaina, da takardun makarantata duka, shekara ashirin da bakwai ban kira sunan babbar 'yata ba. Kai ma ɗan fari ne. Ka shiga ɗakin Gwaggo yau ka ce mata, "Inna, yaya sunana?" Ka rubuto mini abin da ta ce. In ta kasa, sai mu kai rahoto cewa aro ka aka yi.

Na uku, Sabuwa. Ranar Asabar na je can ta'aziyya, na biya wajen Adama. Yarinya ce mai ƙoƙari, ni na koya mata nemo jijiyar jariri, kuma kada ka kuskura ka ɗora mata laifi. Ba wanda ya gaya mata yadda za ta yi, sai ta riƙa rubuta duk abin da uwa ta faɗa. Shi ya sa rajistarta ta yi daidai da bakin uwaye. Ka san abin da ke ciki? Abba guda shida. Baba Ƙarami huɗu. Ummi bakwai, uku daga unguwa ɗaya. Katin lamba da aka ba kowane yaro kuwa, rabin matan sukan manta shi a gida. Maganin nan da nauyi ake ba da shi. Adama ta gaya mini, idonta ya ciko, cewa a watan Agusta saura kaɗan ta ba Abba mai kilo goma sha ɗaya kason Abba mai kilo goma sha tara. Uwar ce ta ce kwalbar ta fi wadda aka saba ba ta girma. Wannan ita ce rajistar da Farfesa ya yaba.

Ni tun ranar farko sunan yanka nake karɓa daga bakin uba ko kaka, in haɗa da lakabi, sunan mai unguwa da katin rigakafi. A watan farko na aikin na rubuto maka takarda cewa a ƙara layi ɗaya a tsarin aiki: idan yaro ɗan fari ne, a tambayi wani ba uwa ba. Ka ce za ka kai wa Farfesa. Ina ta kwana?

Ba na cewa ba ni da kuskure. Bilya ya sami takardun amincewa biyu da mai shaida bai sa kwanan wata ba. Gaskiya ne, ni na yi sakaci, na amsa, na rubuta bayani. Wannan nawa ne. Ɗayan ba nawa ba ne.

Sai maganar kwas, wadda ka ɓoye a bayan "af". Shekara ashirin da biyu na yi a ɗakin haihuwa, a can akwai tsani: ka san matakin da kake, ka san na gaba. A bincike babu. Nas ita ce mai bayani ga iyaye, mai bin yaro har gida in bai zo ba, mai gane cewa idonsa ya yi rawaya kafin kowa. Amma in takarda ta fito a mujalla, sunayenku bakwai a sama, mu kuma "muna godiya ga ma'aikatan fili" a ƙasa, da rubutun da sai na sa tabarau. Kwas ɗin nan shi ne mataki ɗaya tak da na taɓa gani an ajiye wa irina. Ba a ɗaukar wanda ya kai hamsin. A watan Maris zan cika. Adama tana da shekara ashirin a gabanta. Kada ka sake ce mini kamar ni ce na je.

Ka zo ranar asibiti, ka kawo Bilya, ya tambayi kakanni da ubanni, ya duba katunan rigakafi da sakamakon jinin wata talatin. Yini ɗaya ya isa.

Halimatu Sa'adiya

*

Kankara,
Litinin, 8 ga Nuwamba, 2021.

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Inna ta karɓi saƙo, ta sa albarka.

Na yi abin da kika ce. Na tambaye ta. Ta dube ni ta ce, "Likita, aikin ne ya taɓa maka kai?" Na nace. Ta jawo takalmi. Ban yi dariya ba wannan karon.

Na aika wa Adama ta daina ba da magani sai da katin lamba a hannu. Na gode da kika gaya mini.

Yanzu zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Ban karanta rahoton ba. Takardu kusan arba'in aka ajiye mini ranar, na bi su da biro. Takardarki ta watan farko kuwa, jiya na same ta a ƙasan durowa, cikin ambulan ɗinta. Ban taɓa kai wa Farfesa ba.

Idan ta fito yanzu, Yaya, tambayar za ta bar kanki ta dawo kaina: me ya sa likita ya riƙe gyara shekara uku, har aka kusa ba yaro maganin wani a Sabuwa? Za a iya cire ni daga binciken, kuma Farfesa ne zai rubuta takardar ƙarin girmana a baɗi.

Ina roƙonki ki bari kwamiti ya zauna. Na san mutum biyu a ciki. Gargaɗi kawai za a rubuta miki, ba kora ba. Bayan nan zan gyara tsarin a hankali, kamar sabon tunani ne. Kwas kuma zan nemo miki wani, akwai su da yawa. Ki rufa mini asiri saboda zumunci.

Mas'udu

*

Faskari,
Alhamis, 11 ga Nuwamba, 2021.

Mas'udu,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke. An gama girbin masara, an shiga waken suya. Ka gaishe da mutanen gida.

Wannan ce wasiƙarka ta farko da na ji muryarka a ciki, kuma na gode da gaskiyar. Na san ba ta zo maka da sauƙi ba. Na karanta ta a tsaye, na zauna, na sake tashi, na share ɗakin magani da ba ya bukatar shara. Sai da na yi sallar la'asar na iya riƙe biro.

Ba zan yi abin da ka roƙa ba.

Ka ce gargaɗi kawai. Gargaɗi a kan me? Takardar za ta ce an gargaɗe ni a kan shakkar ƙirƙirar yara. Za ta zauna a fayil ɗina har in mutu. Duk wanda zai fara bincike a yankin nan zai buɗe ya gani, ya rufe, ya nemi wata. Kuma yaran goma sha tara za a cire sakamakonsu daga lissafi, tunda ana shakkar su. Wata talatin ana huda su. Akwai wadda mahaifinta ke goyo ta a keke daga bayan Yankara, tunda aka hana babur. Kana so in ce masa jinin 'yarsa ya tafi a banza don kada Farfesa ya ɓata maka rai?

Kwas da yawa da kake faɗa, ka kawo mini sunan ɗaya mai karɓar mace 'yar hamsin daga Faskari. Na fi ka neman su.

Ka yi maganar zumunci. Zumuncin ne ya sa nake rubuto maka yau maimakon in rubuta wa kwamiti. Likitan da ya tashi da kansa ya ce "na yi kuskure, ga gyara" ana yi masa faɗa a bar shi a kujerarsa. Wanda aka tono shi ne ake cirewa. Ka san wannan kamar yadda na sani. Ƙofar farko nake riƙe maka a buɗe, kuma hannuna ya fara gajiya.

Ga abin da nake so, a fili. Alhamis mai zuwa, 18 ga wata, ranar asibiti ce. Ban koya wa kowa komai ba, na dai ce kowane yaro ya zo da uba ko kaka, da katin rigakafi. Ka zo da Bilya. Ka zo da takardata ta watan farko, da wata daga gare ka zuwa ga Farfesa da kwamiti, wadda ta ce ka janye sa hannunka kuma ta faɗi dalili. Ka mayar da sunana a takardar kwas. Na yi magana da Adama, ita ta fara cewa a mayar.

Zan jira ka har a kira azahar.

In ba ka zo ba, akwai adireshi a ƙasan kowace takardar amincewa, inda aka ce duk mai ƙorafi a kan binciken nan ya rubuta wa kwamitin ɗa'a kai tsaye. Sau ɗari da arba'in na karanta wa iyaye shi da ƙarfi, na haddace. Ranar Juma'a zan tafi Funtuwa inda waya ke aiki, in aika musu bayanina da kwafin takardata ta watan farko, don ban taɓa rubuta komai ba tare da na ajiye kwafi ba. Ba zan ƙara maka ko kalma ɗaya a kan abin da ka yi ba, ba kuma zan rage ba. Wasiƙarka ta ranar Litinin ba za ta shiga ciki ba, wannan tsakaninmu ne. Ranar 25 kuma zan kasance a bakin ƙofarsu da farin kayana, ko sun kira ni ko ba su kira ba.

In ka zo, akwai tuwon sabuwar masara, kuma zan tsaya kusa da kai lokacin da kake bayani. In ba ka zo ba, motar Funtuwa tana tashi da hantsi, na riga na gaya wa direba ya ajiye mini kujerar gaba saboda gwiwa.

Halimatu Sa'adiya Barau